Mai Shayar da Katako

Yamai ba ta karɓe ni da hannu bibbiyu ba. Ranar da na sauka ina ɗauke da akwatin kayan aikina a ka, wani mutum mai fara'a ya tare ni a bakin kasuwar Katako. Ya ce shi ma daga Najeriya yake, har ya san garinmu Yawuri, ya taɓa cin kifinmu. Ya ce ba a shiga wurin masu katako da kaya a ka kamar ɗan dako, in ajiye akwatin a rumfar wani abokinsa, mu je ya haɗa ni da mai ba da aiki. Na ajiye ina ta godiya. Muka shiga lungu muka fita lungu, sai ya ce in tsaya zai kama ruwa ya dawo. Har aka kira la'asar ina tsaye. Da na lalubo rumfar, mai ita ya ce, "Ai ɗan'uwanka ya dawo ya ɗauka, ya ce kai ka aiko shi." Gizagon da na gada wurin babana, da zarto, da guduma, duk sun tafi. Ban yi kuka ba, amma na zagi mutumin nan har kakanninsa, kuma har yau ban janye ba.

Sunana Garba, sassaƙar jirgin ruwa ce sana'ar gidanmu. Kifi ne ya ja baya a wajenmu, masunta suka daina sa sabon jirgi, na baro matata Hajo da tsohon ciki na hauro neman abin da za mu ci. Ga shi tun ban ga kogin garin ba an raba ni da abin sana'ar.

Wani dattijo mai sayar da katako, Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi, shi ya ga ina ta zagaye wuri ɗaya.

"Kai yaro, mi ya same ka? Tun ɗazu kake kai da komowa kamar akuyar da aka sayar da ɗanta."

Na faɗa masa. Ya girgiza kai, ya ce, "Shi ke nan, ka biya kuɗin shiga gari. Zamna nan ka ci tuwo. Ka riƙa kwana cikin rumfa kana duba mini kaya, in Allah ya buɗe wata ƙofa ka tahi."

Na zauna wurinsa ina sauke katako ina lodawa, har ranar da wani Bazabarme dogo mai suna Hamani ya zo sayen falanki. Shi ne babban ma'aikaci a wani fili da ke bakin kogi, inda Nasaru da wasu manyan ma'aikatan gwamnati suke ajiye 'yan ƙananan jiragensu na zuwa kamun kifi ranar Lahadi. Alhaji ya nuna ni ya ce, "Ga mai aikin jirgi nan yana ɓata hannunsa da dako. Tahi da shi." Da zan tafi ya shiga ciki ya fito da wani tsohon gizago ya miƙa mini. Na ce yaushe zan mayar. Ya ce, "Wa ya ce maka aro ne?"

Abin da na gani a filin nan ya ɗaure mini kai. Mu a gida jirgi abin neman tuwo ne. Nan kuwa mutum zai ƙona mai ya yini a rana, ya kamo giwan ruwa da za ta ciyar da gida guda, a ɗauke shi hoto yana washe baki, wani lokacin har ya mayar da ita ruwa. Ranar farko da na ga an saki kifi sai da na kusa bin sa. Yawancin jiragen na roba ne, ba su san ƙusa ba. Idan sun fashe, wani ƙyalle mai ƙaiƙayi ake shimfiɗawa a shafe da ƙaro mai warin hawa kai, a bari ya bushe a goge. Na koyi wannan a wurin Hamani. Na koyi kankare gindin jirgi da sake masa fenti, da kafa kujera mai katifa don kada bayan mai gida ya yi ciwo, da ɗaura bututun ƙarfe a gefe inda ake soka sandar fatsa, da kafa rumfar tamfol, da gyara gurbin akwatin ƙanƙara. Inji kuwa, wanda su suke kira moter, Hamani bai yarda kowa ya taɓa ba. Mai kula da wurin wani Banasare ne da muke kira Mai-Lofe, ba ya faɗa ba ya dariya, in aiki ya yi kyau sai ya cire lofen daga baki ya mayar.

Abin da ya riƙe ni a wurin kogin ne. Idan an tashi aiki nakan zauna a bakinsa in dubi ruwan yana gangarawa, in ce wannan da ya wuce ni yanzu, wata rana zai bi ta mashayar da Hajo take wanki. Zabarmawa da harshensu Isa suke ce wa kogin. Na ce wa Hamani mu Kwara muke kiransa. Ya yi dariya ya ce a bakinsu kwara ai gari ne, garin da aka haifi mutum. Na ce to ashe ba mu saɓa ba.

Wani mai fataucin bandar kifi ne ya kawo mini labari cewa Hajo ta sauka lafiya, an sami mace, an raɗa mata Rabi. Na tambaye shi kamar wa take, ya ce shi bai shiga gida ba, a kasuwa aka ba shi saƙon. Na fara shirin zuwa in gan ta, sai aka wayi gari sojojin da suka karɓi mulki a ƙasarmu sun rufe iyaka. Aka ce kwana kaɗan ne. Wata ya bi wata, ba mai shiga ba mai fita, fatake suka ɗauke ƙafa, labarin gida ya yanke kaf. Nan Yamai ma sojoji ne da ƙasa, mutane ba sa ɗaga murya a majalisa, ana tare hanya a nemi takardar shaida, ni kuwa ba ni da ko ɗaya. Akwai masu ratsa daji da mutane ta ɓarauniyar hanya, amma mun ji yadda ake yi da wanda aka kama, kuma ni ɗan ruwa ne, ban san daji ba. Hanyar da na sani guda ce, ga ta kwance a gabana.

A bayan filin akwai wani tsohon jirgin katako a kife ƙarƙashin mangwaro, na wani malamin makaranta da ya koma ƙasarsu ya bar shi. Na roƙi Mai-Lofe, ya ɗaga kafaɗa ya ce in ɗauka, da ma ƙonawa za a yi. Hamani ya zagaya shi yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa. Hausarsa ba ta rarrabe mace da namiji.

"Garba, wannan jirgi ta mutu tun bara. Kai kana so ka je gida ko kana so ka je lahira?"

"Gida zan fara zuwa tukuna," na ce.

Duk ranar da ba aiki ina kansa. Na cire falankin da suka ruɓe, Alhaji Mamman ya ba ni guntayen maɗaci da suka rage masa, na fere na jera. Na miƙar da tsofaffin ƙusoshi a kan dutse. Na cusa auduga a tsakanin falanki da falanki, na bi da kwalta. Ban sa masa kujera mai katifa ba, ban yi masa gurbin ƙanƙara ba. Ina aikin ina zancen zuci da yarinyar da ban taɓa gani ba, ina ce mata ga babanki nan ya kusa.

Damina ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba. Kogin da ya kamata ya cika ya batse da sanyi, bai kai inda ya saba ba, ya fara ja da baya tun da wuri. Masu jirage suka rage zuwa, don farfela tana dukan yashi. Ni kuma aikina bai ƙare da wuri ba, kullum sai wani falanki ya nuna mini ruɓar da ban gani ba. Ranar da na buga ƙusa ta ƙarshe, zafin bazara ya riga ya kama, ruwan da ya rage a gaban filinmu bai kai gwiwa ba. Bayan haka ya tsinke ya zama tafkuna, sannan tafkunan suka zama laka. Na ga mutane suna ratsa Kwara da ƙafa a ƙarƙashin gada, wani har da keke. Tsofaffin Zabarmawa suka riƙa zuwa suna tsayawa a gaɓa suna salati. Ni dai zama na yi a kan yashi, na ji kamar an toshe ƙofar gidanmu da ƙasa.

Jirgin katako ba kamar na roba ba ne. Na roba ka jingine shi shekara, yana nan yadda ka bar shi. Na katako kuwa da ruwa yake rayuwa: falankin su sha su kumbura su matse juna, shi ne ba ya yoyo. In ya bushe sai su tsuke, bakin ɗinki ya buɗe, wani ya karkace ya ƙi komawa har abada. Don haka na haƙa rami a tsakiyar yashin kogin har na tarar da jiƙa. Ruwa yakan taru a hankali, kamar ana roƙonsa. Safe da yamma in kwashe a garwa in zuba a cikin jirgin, in jiƙa tsofaffin buhunan algarara in lulluɓe shi. Na ƙudura cewa ko me za a yi, ranar da kogi ya dawo zai same ni a shirye.

A lokacin garin ya cika da mutanen da fari ya koro daga arewa. Wasu suka nufi wajen unguwar Lazare, wasu suka kafa 'yan bukkoki na tabarma da kwali a gaɓar kogi. Kusa da shingenmu wani tsohon Buzu ya sauka da surukarsa da 'yar jikarsa. Sunansa Agali. Ɗansa ya tafi da ragowar dabbobi neman ciyawa bai dawo ba. Surukar tana shiga gari da safe ta yi daka da wanke-wanke a gidaje, ta bar masa yarinyar. Kwanaki yana zaune a inuwar shinge, rawani ya rufe masa baki, yana kallona ina kai da kawo da garwa. Rannan ya kasa haƙuri.

"Ɗana, wannan dabbar taka mi take ci?"

"Ba ta cin komai, Baba, sha kawai take yi."

"Hm. Na shayar da raƙuma tun ban yi gemu ba. Ban taɓa ganin mai shayar da katako ba sai yau."

Na yi masa bayani, na ce wannan katakon shi zai kai ni wurin 'yata. Ya tambayi watan da aka haife ta. Da na faɗa, sai ya dubi jikarsa da take rarrafe a cikin yashi ya ce, "Sa'arta ce ke nan. Wagga Lalla sunanta."

Tun daga ranar na sami abin auna Rabi. Da na ga haƙoran Lalla, na ce ashe Rabi ta yi haƙori. Ranar da ta kama gefen jirgina ta miƙe, ƙafafunta suna rawa, na ce wa Hamani, "Rabi ta tsaya!" Ya dube ni kamar na taɓu. Yarinyar siririya ce, da ɗan tukku a tsakar kai da laya a wuya, ba ta da yawan kuka. Da rana ta take, cikin jirgin ya fi ko'ina sanyi, sai in ɗaga buhu in zaunar da ita a ciki, ta yi ta dukan katakon da tafin hannu. In na sayo kunu mu sha tare. Ta koyi ja mini gemu, ta koyi miƙo hannu in ta hango ni. Ni ban san lokacin da na daina cewa kamar Rabi take ba, na koma jiran safiya don in gan ta ita kanta.

Ruwan ramin nawa ya yi ta ja. Na ƙara masa zurfi, bai ƙara komai ba. Ɗan ruwan da gwamnati ta datse sama da gari don famfo, sojoji ne suke gadinsa. Surukar Agali takan dawo da ɗan abin da ta samo a bakin famfo bayan dogon layi, ba ya isar su. Nakan ɗibar musu a nawa, amma gaskiya jirgin nake fara ba, su su sami saura. Tsohon bai taɓa roƙona ba ko sau ɗaya.

Sai Lalla ta kwanta da zazzaɓi da gudawa. Wata rana na dawo daga Katako da azahar, na zagayo ta bayan mangwaro, sai na hangi Baba Agali durƙushe a gefen jirgina. Ya zare buhu ɗaya daga cikin waɗanda na jiƙa da safe, yana murɗa shi da hannuwansa biyu a kan ƙwarya, ruwa baƙi yana ɗiga. Ya tsoma gefen rawaninsa a ciki ya shafa wa yarinyar a goshi. Sannan ya shimfiɗa buhun a inda ya ɗauke shi, ya gyara masa zama don kada in gane.

Da ya juyo muka haɗa ido. Mutumin da ya taɓa mallakar garke, yau yana satar ruwan buhu. Ya ja rawani ya rufe har hanci.

"Ka gafarce ni, ɗana. Na rage wa dabbarka."

Na je na ɗauko garwar na ajiye a gabansa, na nuna masa ramin, na ce daga yau nasu ne.

"To ita fa?" Ya nuna jirgin da haɓa.

"Ta sha na yau, Baba. Ya ishe ta."

Ba zan ce na yi hakan da farin ciki ba. Kwanakin da suka biyo baya sun fi ranar da aka sace mini kaya ciwo. Da tsakar rana ina cikin aikin jiragen roba sai in ji ƙas daga ƙarƙashin mangwaro, katako yana tsukewa. Kowace ƙara sai in ji Yawuri ta ƙara nisa. Auduga ta fara zazzagowa, kwalta ta tsattsage. Na daina zuwa wajen, sai ranar da na kasa daurewa na leƙa, na ga hasken rana yana ratsa gindinsa layi-layi a kan ƙasa. Hamani ya tsaya a bayana ya ce, "Kala suuru," wato sai haƙuri. Bai yi mini ba'a ba ranar.

Lalla ta tashi. Ta rame har wuyanta kamar ba zai ɗauki kanta ba, amma ta tashi, ta fara cin tuwo, har ta yi taku biyu daga hannun kakanta zuwa nawa ta faɗo a ƙirjina.

Ba a daɗe ba aka fara kwashe baƙin fari daga cikin gari, wai za a mayar da su karkara su yi noman rani. Ni ina kasuwa Hamani ya aike ni sayen ƙusa. Da na dawo ba bukka, ba tabarma, sai duwatsun murhu da garwata a jingine da shinge, cike da ruwa, an rufe bakinta da kwali. Hamani ya ce manyan motocin soja ne suka zo, ba a ba kowa lokacin sallama ba.

"Ina aka kai su?"

"Wa za ta tambayi soje? Tsoho ya ce in gaya maka ka ba dabbarka."

Na zaga Lazare, na zaga tashar Wadata, na tambayi duk mai rawanin da na gani. Wani ya ce gabas aka yi da su, wani ya ce arewa.

Da damina ta sauka, ruwa ya dawo ja wur, yana turo kara da kumfa a gabansa, yara suna binsa da ihu. Na sake cusa wa jirgin auduga, na ja shi cikin kogi, na loda masa duwatsu na nutsar da shi yadda muke yi a gida, na bar shi ya sha ya ƙoshi. Da na ɗago shi yawancin ɗinkin ya kama. Falanki ɗaya ne a gefen hagu ya karkace ya ƙi. Hamani ya liƙa masa ƙyallen nan mai ƙaiƙayi yana mita cewa roba da katako ba sa aure, ya ba ni filafilinsa na tuƙa jirgi, Alhaji Mamman ya aiko mini da garin rogo da ƙuli-ƙuli. Mai-Lofe ya zo bakin ruwa ya cire lofensa, bai mayar ba har na sha kwana.

Tafiyar ba ta da daɗin faɗi. Hannu ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana kwarfe ruwa da ƙwarya. Na kauce wa dorina, na ja jirgi a kan duwatsu, na kwana a tungayen masunta da suka ba ni kifi ba su tambaye ni takarda ba. Kusa da iyaka wasu Sarkawa masunta suka sa ni a tsakiyarsu, muka bi ta cikin ciyawar burgu kamar masu duba taru, Allah ya rufe idon masu bindiga.

Na isa mashayar garinmu da hantsi. Kafin in ɗaure jirgi labari ya kai gida. Hajo ta fito har ƙofar gida, abin da ba ta taɓa yi ba, tana dariya tana share ido da gefen mayafi. A bayan zaninta wata yarinya ce take leƙowa, baƙa, mai kumatu, da goshin babana sak. Na tsuguna na buɗe hannuwa.

"Zo, Lalla. Zo mana."

Yarinyar ta ƙara shigewa bayan uwarta. Hajo ta daina dariya.

"Malam, Rabi sunanta. Saƙon bai same ka ba ne?"

Na ce ya same ni. Na gyara, na kira ta da sunanta, da ƙyar ta yarda na ɗauke ta. Ta fi waccan nauyi nesa ba kusa ba. Na rungume ta ina gode wa Allah da ya nuna mini ita da rai da lafiya, kuma ina tsaye a ƙofar gidanmu, da 'yata a hannu, wata sabuwar kewa ta kama ni. Rabi ta girma a gabana, na aurar da ita, na ga 'ya'yanta. Waccan kuwa har yau ban san inda motar ta sauke su ba, ban san ko akwai ruwa a wurin ba.